Kwalba Ta Bakwai

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo tun da sassafe, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Har da baiwar Allahn da ta ce za ta zo gidanmu ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta. Bismillah Hajiya, ƙofa a buɗe take. Kafin ki iso dai bari in ba sauran jama'a abin da ya faru.

Ranar Asabar ce, saura kwana biyu a kai ƙarata gaban kwamitin makaranta.

Wanda yau ya shigo, ga taƙaitawa. Shekara biyu ina karatun mastas a kan ƙaron maje, danƙon nan da yake tsattsafowa daga jikin bishiya ya daskare kamar gilashi. Aikina shi ne in gano iya zafin da yake ɗauka kafin ya saki jiki. Gwajin ba shi da wuya. Ana zuba ƙaro a ɗan zobe ya daskare, a ɗora masa ƙaramin ƙwallon ƙarfe, a tsoma a cikin mai, a dinga ƙara wuta sannu a hankali. Zafin da ƙwallon ya ɓurma ƙaron ya faɗo, nan ƙarfinsa ya tsaya.

Kwalba goma sha biyu na gwada. Goma sha ɗaya duk a digiri tamanin suke zubar da ƙwallo. Kwalba ta bakwai kuwa sai da ta kai ɗari da arba'in.

Na yi tsalle, na yi rawa, na rubuta na kai wa Farfesa, malamar da take duba aikina. Ta ce in sake. To ƙaron kwalbar ya ƙare a gwajin farko. Na koma bishiyar da na ɗebo shi, na sake gwaji har sau tara. Tamanin. Tamanin. Tamanin. Ranar Alhamis Farfesa ta cire gilashinta ta dube ni ta ce, "Lambar nan daga ma'auni ta fito ko daga alƙalaminki?" Ta ba ni zuwa Litinin ƙarfe goma. In ban nuna mata ba, takardar da ta rubuta za ta tafi gaban kwamiti cewa ƙirƙirar sakamako na yi, kuma hukuncin wannan kora ce.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nake zaune a teburinmu na cin abinci na zabga tagumi, biredi a gabana ko kallonsa ban yi ba.

Umma ta fito daga kicin da butar shayi, tana tafasa har murfin yana rawa. Ta dire ta a kan teburin. Ba faifai, ba tsumma, ba komai a ƙarƙashi.

"Auta, ki ci wani abu mana. Kin zama kamar tsinke."

"Ba na jin yunwa, Umma."

"Yunwa ai ba ta neman izininki. Matso da kofinki."

Ta ɗaga butar za ta zuba mini. Idona ya sauka a inda ta tashi.

Babu tabo.

Na kai yatsa na taɓa wurin. Zafi zau, amma santsi lau, ko ɗan danƙo babu. Ni kuwa teburin ofishinmu na makaranta, kofin shayi kawai za ka ajiye ya bar maka farin zobe har abada. Shekara ashirin da huɗu ina cin abinci a teburin nan, kullum Umma tana dire tukunya daga wuta kai tsaye, kuma wallahi ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ni ɗin, mai binciken zafi. Kunya ta kama ni ni kaɗai.

"Umma, da me aka shafe teburin nan?"

Ta tsaya da butar a hannu.

"Me ya kawo wannan tambayar?"

"Da me aka shafe shi?"

"Ni na sani? Kafinta na aura, ban zama kafinta ba. Ga babanki can a shago."

Ta juya da sauri ta koma kicin. Na rantse na ji kamar dariya take dannewa, amma hankalina ba ya kanta a lokacin.

Shagon Baba a bayan gidanmu yake, rumfar kwano ce da dogon benci, ƙamshin katako ko'ina. Na same shi ya duƙa yana goge ƙafar kujera, fensir a bayan kunne.

"Likitar ƙaro!" in ji shi, don haka yake tsokanata. Amma bai ɗago ba. Sai a lokacin na lura wata uku ke nan Baba ba ya haɗa ido da ni sosai.

"Baba, man da kake shafa wa tebur ya yi sheƙi, da me kake haɗa shi?"

"Da abubuwa."

"Waɗanne abubuwa?"

"Na sana'a."

"Akwai ƙaron maje a ciki?"

Gogar ta tsaya cak.

"Miƙo mini guduma."

"Baba, guga kake yi. Me za ka yi da guduma?"

"To miƙo mini ruwa."

Na ɗaga kai na dubi kantar da yake jera gwangwanayensa. A kan kantar nan na taɓa ajiye kwalba. Ranar da na ɗebo ƙaro na bakwai na dawo a makare, Mai Makulli, mutumin da yake kula da ɗakin gwajinmu, ya riga ya rufe ya tafi. Sai na taho da kwalbar gida, na ajiye ta a shagon Baba kwana uku, na manna mata takarda da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA.

Ita kaɗai ce a cikin goma sha biyun ta taɓa kwana a gidanmu.

Na ja kujera na zauna a gabansa.

"Baba."

"Na'am."

"Dube ni."

"Ina aiki."

"Baba, ka taɓa kwalbata?"

Ya cire fensirin daga kunne, ya mayar. Ya karkaɗe garin katako daga gwiwarsa, wurin da babu ko ɗigo.

"Auta, ni dai ban yi da mugun nufi ba."

"Innalillahi! Ka taɓa ke nan!"

"Tsaya ki ji mana!"

"Ba ka ga rubutun ba?"

"Na gani. Na karanta sarai." Ya ɗago yanzu, fuskarsa ta yi kalar tausayi. "Amma na ga abin da yake ciki. Ɓawon itace, ƙasa, har da matattun tururuwa. Na ce a raina, wannan 'yata za ta kai gaban manyan malamai? A ce 'yar kafinta ce ta kawo ƙaro da tururuwa a ciki? Ina zan sa kaina?"

Na matso da kujerata.

"Sai ka yi me?"

"Sai na gyara miki."

"Ka gyara kamar yaya?"

"Kamar yadda ake gyarawa mana. Na narka, na tace, na zuba a faranti ya daskare, na farfasa shi ƙanana kamar yadda kika kawo, na mayar miki. Na manna takardarki yadda take."

Jama'a, na tuna ranar da na buɗe kwalbar nan a ɗakin gwaji. Na ga ƙaro tas, garai-garai kamar zuma. Har na ɗaga shi ina nuna wa Mai Makulli ina cewa ka ga bishiya mai tsabta. Bishiya mai tsabta! Allah ya shirye ni.

"To Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

Muryarsa ta yi ƙasa.

"Da farko na ga kina murna, na ce to alhamdulillahi, an yaba da tsabtar. Sai ga shi kin fara dawowa ido jawur, kina cewa kwalba ta bakwai ta ja miki masifa. Na ce shi ke nan, na lalata wa yarinya karatu. Injinansu sun gano hannuna a ciki. Kullum in ce yau zan faɗa, in na ga fuskarki sai in kasa. Wata uku, Auta, abinci ma ba ya mini daɗi. Tambayi Ummanki."

"Kana nufin ka ɗauka ƙaron lalacewa ya yi?"

"To me zai sa malamai su yi fushi in ba lalacewa ba?"

Na dube shi. Na dubi kantar. Sai wata dariya ta taso mini tun daga ciki, na kasa riƙe ta. Na yi dariya har na zamo daga kan kujera na zauna a cikin garin katako, hawaye yana zuba, ban san na dariya ne ko na kuka ba.

Baba ya tsorata.

"Subhanallahi! Auta! Ke! Ummansu, zo ki ga yarinyar nan!"

"Baba," na ce ina haki, "ba lalacewa ya yi ba. Kyau ya yi! Kyau ya yi har ya wuce hankali! Duk sauran a tamanin suke narkewa, naka ya kai ɗari da arba'in. Shi ya sa suka ce ƙarya nake yi!"

Ya yi tsuru yana kallona.

"Don ya yi kyau za su kore ki?"

"Don ba wanda ya yarda ƙaro zai iya haka."

"Ikon Allah." Ya zauna a hankali a kan benci. "Wato wata ukun nan da na yi ina ramewa, a kan aikina ya yi kyau ne?"

"Ƙwarai kuwa."

Sai na ga ƙirjinsa yana ɗagowa a hankali, ya gyara hularsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To ai dama," in ji shi. "Ni ban taɓa yin aikin banza ba."

Kai, Baba! Mutumin da yanzun nan yake neman guduma don ya guje mini.

Na tashi na karkaɗe zanina.

"Narkawa da tacewa kaɗai ba za su kai shi can ba. Na gwada wannan da kaina. Me ka zuba a ciki?"

Ya leƙa ƙofa kamar wani zai ji. Sannan ya miƙa hannu can bayan kantar ya jawo tsohon gwangwanin madara. Ya buɗe. Farin gari ne a ciki, laushi kamar hoda.

"Mene ne wannan?"

"Ɓawon ƙwai."

"Ɓawon me?"

"Ƙwai, Likita. Wanda kaza take yi. Ko shi ma sai na kawo miki littafi?"

Tun ina ƙarama nake ganin Umma tana tara ɓawon ƙwai a wata roba a bayan ƙofar kicin. Na ɗauka don shukokinta ne. Ashe Baba ne yake kwashewa ya ƙona a garwashi mai ƙarfi har ya koma fari fat, ya daka, ya tankaɗe.

Kaina ya fara aiki da gudu.

"Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Shi ƙaro akwai sinadari mai tsami a jikinsa, ƙwayoyinsa kowacce zaman kanta take, shi ya sa da sun ji zafi suke zamewa. Ɓawon ƙwai in an ƙona shi, garin cike yake da sinadarin kalsiyam. Kowace ƙwayar kalsiyam sai ta kama ƙwayar tsamin nan biyu ta riƙe, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sai su yi nauyi, su kasa motsi. Dole sai wuta ta ƙaru sosai kafin su saki!"

Ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai.

"Shekara biyu kika yi kafin ki gano wannan?"

"Baba!"

"Ni mai gidana da ya koya mini aiki cewa kawai ya yi, sa ɓawo, yana ba shi ƙashi. Magana ɗaya. Ku kuwa sai an haɗa da dama da hagu."

Ban bar shi ya huta ba. Ina da ragowar ɗanyen ƙaro a jakata, na ɗauko tare da ɗan ma'aunin nauyi da nake yawo da shi. Na ce yau a gabana za a dafa, kuma komai sai na auna na rubuta.

Ya hura gawayi a murhunsa, ya ɗora wata baƙar tukunyar ƙarfe da ta girme ni. Ya zuba ƙaron. Na miƙa hannu zan ƙara fifita wutar don mu yi sauri, ya buge mini hannu.

"A makarantarku haka ake yi? Ƙaro ba ya son gaggawa. Dubi hayaƙin."

Na duba. Fari ne, siriri.

"Wannan ruwa ne da mai mara nauyi suke fita, babu laifi. In kika ga ya fara rawaya, ƙamshin ya koma ɗaci yana kama maƙogwaro, to ƙaron ne kansa yake mutuwa. Daga nan ko me kika zuba, gawayi kike dafawa."

Na rubuta da sauri. Abin da injinmu yake zana mini a kwamfuta da layi mai gangara, shi Baba da hanci yake karantawa.

Da ya narke ya tace da ƙyalle, ya mayar kan wuta. Ya tsoma yatsa uku a gwangwanin.

"Tsaya! Nawa ne wannan?"

"Yatsa uku."

"Baba, ba zan rubuta yatsa uku a kundin mastas ba."

"To rubuta na babanki, su san ba kowane yatsa ba."

Na sa shi ya zuba a kan ma'auni. Na ce ya sake ɗiba. Ya sake. Sau biyar yana ɗiba ina aunawa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Na dubi yatsun nan masu kanta da tabon zarto. Ina son mutumin nan, wallahi, ko da yake ya kusa sa a kore ni.

Ya barbaɗa garin. Ƙaron ya yi kumfa ya taso fuuu, ya juya da sanda a hankali har ya kwanta. Ya ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi, ya jira, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya yi ƙara ƙyas.

"Ya yi," in ji shi.

Sai muka ji gyaran murya. Umma ce a bakin ƙofa, ta naɗe hannu a ƙirji. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

"Kun gama?"

"Mun gama, Umma! Ashe Baba ne! Ɓawon ƙwai ne!"

"Uhm." Ta leƙa tukunyar, ta shinshina. "Iyakar abin da kuka sa ke nan?"

Baba ya kama tari.

"Eh mana," na ce. "Akwai wani abu ne?"

"A'a. Ni me na sani? Allah ya ba da sa'a."

Ta ja mayafinta ta rufe baki ta fita, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa murna ta rufe mini ido, ban bi ta kai ba.

Litinin ƙarfe tara muna ƙofar ɗakin gwaji, ni da Baba. Ya sa babbar rigarsa mai guga, ya riƙe gwangwanin madara a hannu kamar wanda ya zo da kyauta. Mai Makulli ya tare ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri, ba a shiga sai da farar riga."

"To ba ni."

Wadda ta rage a rataye ta ɗalibai mata ce. Hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ɗaya ne ya yarda ya shiga. Baba ya dubi kansa a gilashin kabad ya ce, "Ka ga likita." Mai Makulli ya juya baya yana dariya.

Na zuba zobe biyu. Ɗaya ɗanyen ƙaro, ɗaya na Baba. Na ɗora wa kowanne ƙwallonsa, na jera su a kofin gilashi ɗaya, ma'aunin zafi a tsakiya.

Goma saura minti biyar Farfesa ta shigo. Farin ambulan a hannunta. Na san abin da yake ciki, takardar kwamiti ce.

Ta dubi Baba daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Mahaifina ne, ranki ya daɗe."

"In roƙo aka zo yi, Baba ka yi haƙuri, ba a nan ake yi ba."

"Ba roƙo ba ne," na ce. "Gaskiya na zo faɗa. A kundina na rubuta cewa kwalba ta bakwai ɗanyen ƙaro ce, ba a sa mata komai ba. Ba haka ba ne. An dafa ta, an zuba mata wani abu. Ban sani ba sai shekaranjiya."

"Wa ya dafa?"

Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Tururuwa na gani a ciki."

Farfesa ta cire gilashi. Ta mayar. Na ba ta labarin tun daga kanta har gwangwanin madara, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ajiye ambulan ɗin a kan benci, ta ɗora hannu a kai.

"Labari mai daɗi," in ji ta. "Amma ni ba labari nake dubawa ba. Kunna wuta."

Na kunna.

Arba'in. Hamsin. Mai Makulli ya bar sharar da yake yi ya matso.

Sittin. Saba'in. Ɗanyen ƙaron ya fara lanƙwasa, ya yi ciki a ƙasan zobe.

"Tamanin da ɗaya," na karanta.

Ƙwallon farko ya sulale ya faɗi ƙasan kofi. Ƙwal.

Duk muka mayar da ido kan na Baba. Yana nan zaune daram.

"Casa'in."

Ko gezau.

"Ɗari."

Farfesa ta ja kujera ta zauna, ta matso da fuskarta dab da kofin.

"Ɗari da goma."

Mai Makulli ya ce, "Kai! Kai! Kai!"

Baba kuwa ya harɗe hannu a baya yana kallon silin, wai shi abin bai dame shi ba. Amma ina ganinsa yana satar kallon kofin ta gefen ido.

"Ɗari da sha biyar."

Ƙaron ya fara ɗan kumburo ta ƙasa.

"Ɗari da ashirin. Da ɗaya. Da biyu."

Ƙwal.

Na kashe wutar.

Farfesa ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ɗauki ambulan ɗin. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta yaga gida biyu, ta haɗa ta sake yagawa, ta zuba a kwandon shara.

"Ba ki ƙirƙiri komai ba," in ji ta. "Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Kuka nake yi sosai, irin na ƙananan yara, ina cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi. Mai Makulli yana tafi. Baba ya zo ya dafa kaina, maɓallin nan guda ɗaya ya tsinke ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci, muka kwashe da dariya gaba ɗaya, har Farfesa, wadda shekara biyu ban taɓa ganin haƙorinta ba.

Ta juya wajen Baba.

"Baba, shekara nawa kana wannan haɗin?"

"Talatin da ɗoriya, ranki ya daɗe."

"Ni shekara goma sha biyar ina neman abin da zai ƙara wa ƙaron nan ƙarfi. Na yi odar sinadarai iri-iri. Ashe yana gwangwanin madara." Ta girgiza kai. "In za mu buga aikin nan, da sunanka a kai."

Baba ya gyara tsayuwa. Na san mutanen unguwarmu sun shiga uku, sai sun ji labarin nan sau ɗari.

Sai Farfesa ta ɗauki kundina ta buɗe, ta sa yatsa a kan lamba.

"Amma akwai saura. Nan kin rubuta ɗari da arba'in. Wannan ya faɗi a ɗari da ashirin da biyu. Na yarda da ke yanzu, amma masu duba aiki za su tambaya. Ina sauran goma sha takwas ɗin suka shiga?"

Na dubi Baba.

"Daidai ka yi kamar na wancan karon, ko?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Baba?"

"To... dafawa dai ni na dafa."

"Amma?"

"Amma ba ni na sauke ba."

"Kamar yaya?"

"Ina cikin juyawa aka yi sallama, wani mai ƙofa ya zo karɓar aikinsa. Sai na ce wa Ummanki ta tsaya mini a kan tukunyar. Da na dawo na tarar ta sauke, ta zuba a faranti. Kuma ƙamshin ba nawa ba ne."

"Ka tambaye ta?"

"Wata uku ina tambaya! Sai ta ce ita me ta sani, kafinta ta aura." Ya ƙara yin ƙasa da murya. "Kuma in gaya miki gaskiya, Auta, teburin gidan nan da kike magana, ni na ƙera shi. Amma shafe shi, ita ta shafe. Duk teburan da na sayar babu wanda yake ɗaukar tukunya daga wuta sai shi."

Kafin in buɗe baki wayata ta yi ƙara a aljihun farar rigata. Na duba. Umma.

Farfesa ta yi mini alama in sa kowa ya ji.

"Auta," muryar Umma ta cika ɗakin, a natse, har ana jin ƙarar cokali a kofi. "Nawa ya kai?"

"Ɗari da ashirin da biyu, Umma."

Ta yi wata 'yar dariya.

"Ai na ce ba zai wuce haka ba. Malamar taki tana kusa?"

"Ina jin ki, Hajiya," in ji Farfesa, ta matso da kujerarta.

"To ranki ya daɗe, in kina son sauran, ki taho gida, na ɗora shayi. Ki zo da ma'auninku." Ta ɗan tsaya. "Shi kuma babansu, a waje zai jira."